Tambaya da Amsa: Maigidana Ya Cika Ɗaki da Tsofaffin Kwamfutoci

Tambaya: Malam, muna zaune a Ingila, kuma maigidana ya mayar da ɗakin baƙi ma'ajiyar tsofaffin kwamfutoci da na'urorin wasa. Ba ya wata guda bai sayo wata ba. Shin sha'awa ce wannan ko ta zama cuta?

Amsa: Hajiya, masu irin wannan sha'awa suna da yawa a can, musamman waɗanda suka taso da kwamfutocin gida irin su ZX Spectrum da Commodore 64, waɗanda dukansu suka fito a 1982. Abin da zai bambanta miki shi ne ko yana kunna su yana gyarawa, ko kuwa sayen ne kawai ke faranta masa rai, har ya kai ga ɓoye miki farashi ko taɓa kuɗin cefane. Idan na biyun ne, ya kamata ku zauna ku yanke abin da zai riƙa kashewa duk wata.

Ki kuma tuna masa cewa ajiya ba tare da kulawa ba asara ce, domin batirin da ke cikin wasu samfuran kwamfutar Amiga yakan tsiyaye ya cinye allon lantarkin da ke cikin na'urar, tsohuwar na'urar ba da wuta ta Commodore 64 kuwa takan ƙona kwamfutar idan ta lalace.