Amsa: 'yar aikin da ta zama mai girki a talabijin

'Yar'uwa, kin tambaya ko an taɓa samun 'yar aikin da ta shahara da girki a talabijin. An samu kam: Palmirinha Onofre ta Burazil, haifaffiyar Bauru a 1931. Tun tana ƙarama aka kai ta gidan wata Bafaranshiya a São Paulo. Ta yi aikatau, ta yi tallar kayan ƙwalama don ciyar da 'ya'yanta mata uku. Sai da ta haura shekara 60 ta shiga talabijin, daga baya ta riƙe shirin TV Culinária a tashar Gazeta har 2010. Ni abin da ya fi burge ni, tana cikin girki sai sunan wuƙa ya ɓace mata, ta yi dariya ta ci gaba abinta. Ta rasu a 2023.