Tambaya da amsa: Kwana uku a birnin Fas tare da mahaifiya mai ciwon gwiwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin kai mahaifiyata birnin Fas na ƙasar Maroko. Burinta ta ziyarci zawiyar Shehu Tijjani, ni kuma ina son ganin tsohon garin. Kwana uku muke da shi, ga shi tana fama da ciwon gwiwa. Zai ishe mu kuwa? Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kwana uku zai ishe ku, in dai ka tsara tafiyar daidai ƙarfin ƙafarta. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, tsohon birnin, wanda mutanensa ke kira Fas al-Bali, mota ba ta shiga cikinsa, kuma a kan gangare yake. Lungunan sun matse sosai, wani ma sai mutum biyu sun karkace kafin su wuce juna. Da alfadarai da jakuna da amalanke ake dakon kaya har gobe. In kun ji an ɗaga murya daga baya ana cewa "Balak!", ku manne da bango, dabba ce tafe da kaya.

Saboda haka ku riƙa shiga ta sama kuna fita ta ƙasa. Tasi ya sauke ku a ƙofar Bab Bujulud, mai shuɗin ado, wadda aka gina a 1913. Daga nan ku bi hanyar Ɗala'a Kabira, ita za ta gangara da ku har tsakiyar gari. In kun gama, kada ku ce za ku koma ta inda kuka fito, hawan zai wahalar da Hajiya. Ku zarce dandalin Rasif, can ƙasa, inda mota ke isowa. Ƙananan tasin garin jajaye ne, fasinja uku kawai suke ɗauka. Masauki ma ka nemi wanda ke kusa da wata ƙofa, ka kuma tambaya tun kafin ka biya ko akwai ɗaki a ƙasa, don tsofaffin gidajen da aka mayar masaukin baƙi matakalarsu na da tsayi da matsi.

Ka keɓe ranar farko don ziyarar zawiya kaɗai. Shehu Ahmad Tijjani an haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya, ya zauna a Fas a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a 1815, kuma a cikin zawiyarsa aka binne shi. Tana unguwar Bilida, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin, ta Rasif ya fi muku sauƙi. A can za ku tarar da 'yan Senegal da Mali da Nijar da 'yan gida Najeriya, ba wuya ku ji Hausa. In da hali, ku sa Juma'a cikin kwanakinku saboda zikirin bayan La'asar. Sai dai ka sani ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, kada ka ajiye sayayya sai ranar.

Rana ta biyu ita ce ta tarihi. Idrisu na Ɗaya ne ya kafa garin a 789, ɗansa Idrisu na Biyu ya faɗaɗa shi, kabarinsa na nan tsakiyar gari ana ziyarta. Da farko garuruwa biyu ne, kogi ya raba su: gefe ɗaya mutanen da suka baro Andalus, ɗaya gefen mutanen Ƙairawan ta Tunisiya, sai a ƙarni na 11 sarakunan daular Murabiɗai suka haɗe su cikin ganuwa guda. Daga mutanen Ƙairawan ɗin ne Faɗima al-Fihriyya ta fito, wadda tarihi ya jingina mata gina masallacin Ƙarawiyyin a 859. Ku yi ƙoƙari ku sami sallar Magariba a ciki. Mutanen garin Malikawa ne, da ruwayar Warshu suke karatu, kuma bayan salla sukan zauna su karanta izu guda da murya ɗaya. Duk wanda ya yi makarantar allo zai ji abin da kunnensa ya saba da shi. Ibn Ajurrum, mai littafin Ajurrumiyya da ɗalibanmu ke fara nahawu da shi, ɗan garin nan ne, a nan ya rasu a 1323.

Makarantun zamanin sarakunan Banu Marin suna da yawa, amma biyu sun wadatar. Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina a shekarun 1350, tana kusa da Bab Bujulud, ita za ku fara tararwa. Ni dai na fi ƙaunar ta Aɗɗarin, da aka kammala a 1325, dab da Ƙarawiyyin. Ƙarama ce, amma tsaya ka dubi bangonta da kyau: daga ƙasa ƙananan tayil masu launi ne da aka yanka da hannu ɗaya bayan ɗaya, samansu rubutun larabci ya zagaye, sai sassaƙar farar ƙasa, can sama kuma katako mai zane. Ɗakunan ɗalibai na bene, 'yan ƙanana. Kai ka hau ka gani, Hajiya ta huta a tsakar gida.

Majemar Shuwara kuwa daga saman shagunan dukawa ake kallonta, kuma hawan da yawa, ga wari. Da farar ƙasa da kashin tattabara suke laushin fata, shi ya sa ake miƙa wa baƙo ganyen na'a-na'a ya kanga a hanci. Ka je kai kaɗai da safe. Masu shagunan za su so ka sayi jaka ko takalmi, ba dole ba ne, in kuma za ka saya ka yi ciniki sosai, kuɗin farko ba shi ne kuɗin kaya ba.

Batun ɗan rakiya, ka ɗauki mai lasisin hukuma na rabin yini a rana ta biyu, masaukinku zai nemo maka. Ku yi tsada tun kafin ku tashi, ka faɗa masa a fili tarihi kuka zo gani, ban da shagunan darduma. Samarin da za su tare ku suna cewa hanya a rufe take, ka yi musu godiya ka wuce.

Rana ta uku ku ɗauki tasi zuwa tudun kaburburan Banu Marin da yamma, daga nan Hajiya za ta ga garin gaba ɗaya ba tare da ta taka ba. In a birnin Kasabalanka jirginku zai sauka, daga can zuwa Fas kusan awa huɗu ne a jirgin ƙasa, ka sa wannan a lissafinka kada ya cinye maka yini guda cikin ukun. Watannin Yuli da Agusta zafi kan haura digiri 40, Disamba da Janairu kuma sanyi da ruwan sama, duwatsun hanya su yi santsi. Ka nemi Afrilu ko Oktoba, ka kuma saya mata takalmi mai riƙe ƙasa tun daga gida.