Na sayi ƙaramin kan jirgi mai tururi, an hana ni hura masa wuta saboda ba lamba

Tambaya: Malam, ina zaune a Ingila. Na sayi ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi a hannun iyalan wani dattijo da ya rasu, irin wanda faɗin dogonsa inci 5 ne, yana jan yara har da manya. Da na kai shi kulob ɗin masu wannan sha'awa sai suka ce ba za a hura masa wuta ba, wai tukunyarsa ba ta da lamba, kuma takardar da aka haɗa mini da ita ba ta da amfani. Ba zan iya samun guduma in buga masa lambar da ke jikin takardar da kaina ba?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye gudumar nan tukuna. Mutanen kulob ɗin ba wulaƙanci suka yi maka ba, kuma da ni ne mai duba tukwanensu, abin da zan gaya maka ke nan.

Ka tuna yadda ake sayen mota ta hannu a gida. Mai hankali ba ya tsayawa kan takardu, sai ya buɗe bonet ya ga lambar inji da ta shasi sun dace da abin da aka rubuta. Tukunyar tururi ma haka take. Takardar shaida tana cewa an gwada tukunya mai lamba kaza a rana kaza, ta jure matsi kaza. In babu lambar a jikin ƙarfen, wa zai ce wannan tukunyar ce aka gwada? Masu ƙera irin waɗannan jirage sukan bi zane ɗaya su yi tukwane biyu ko uku, sukan cire tsohuwa su sa wata, magada kuma su tattara takardu su ba mai saye ba tare da sanin wacce ce ta wacce ba. In ka buga lambar da kanka, ka ƙirƙiri shaidar da ba ka gani da idonka ba, kuma ran da wani abu ya faru kamfanin inshorar kulob zai zame ya bar ka. Banda haka, dukan ƙarfe a inda bai dace ba yana iya raunana bangon tukunyar. Shi ya sa ake buga lamba a wuri mai kauri, kamar zoben da ke gindin murhu, ko a wani ɗan faranti da aka manne, inda za a iya karantawa ba sai an wargaza jirgin ba.

Kafin komai ka samu tocila da ƙaramin madubi ka leƙa gindin murhun da bangon baya inda gejin ruwa yake. Sau da yawa lambar tana nan, baƙin kwal da fenti ne suka rufe ta.

Ka'idar da kulob-kulob na Birtaniya suke bi ita ce Boiler Test Code ta 2018, wadda manyan ƙungiyoyin masu wannan sha'awa suka haɗu suka amince da ita domin cika sharuɗɗan dokar kayan matsi ta shekarar 2000. Tana raba tukwane da wani lissafi mai sauƙi: yawan ruwan da tukunya ke ci a lita, a ninka da matsin aikinta a bar, wato ma'aunin da ake auna matsi da shi. A ce taka tana cin lita 5 tana aiki a bar 6, ka samu 30 ke nan. Kundin farko na ka'idar ya shafi daga 3 zuwa 1100, to taka tana ciki tsundum. Ƙananan injinan wasa irin su Mamod da Wilesco da ake ɗorawa kan tebur yawanci ba su kai 3 ba, nasu sharuɗɗan daban ne kuma sun fi sauƙi.

Tunda tukunyarka ba ta da tarihin da za a dogara da shi, ka sa ran mai duba zai ɗauke ta kamar sabuwa. Za a sauke ta daga kan firam, a cire rigar da aka lulluɓe ta da ita, a ga kowace mahaɗa da ido. Sannan a toshe ƙofofinta, a cika ta da ruwa taf, a fitar da iska duka, a yi famfo har matsi ya ninka na aiki sau biyu, wato bar 12 a misalinmu. Gwaje-gwajen da za su biyo baya sau ɗaya da rabi ne, wato bar 9. Tukunyar jan ƙarfe ana maimaita mata wannan duk shekara 4. Ta baƙin ƙarfe, da yake tana tsatsa, bayan shekara 4 na farko sai ta koma duk shekara 2.

Da ruwa ake yi, kada ka yarda wani ya ce maka a gwada da kwamfaresa irin ta mai faci. Ruwa ba ya matsuwa, in mahaɗa ta buɗe sai dai ya tsarto kaɗan allurar geji ta faɗi. Iska kuwa tana tara ƙarfi kamar sifirin, in ta samu hanya sai ta yi jifa da ƙarfe. Tukunyar da ke kan wuta ta fi iska muni. A bar 6 ruwan cikinta ya kai wajen digiri 165, matsi ne kawai ya hana shi tafasa. In bango ya tsage, wani ɓangarensa ya rikiɗe tururi nan take, tururi kuma yana cin wuri fiye da ruwa sau 1,600 da ɗoriya. Direban irin wannan jirgi a bayan tukunyar yake zama, ƙofar murhu tsakanin gwiwoyinsa, yara na bayansa. Ƙanƙantarta ba ta rage zafin ruwan ba ko kaɗan.

In ta tsallake wannan, sai gwajin tururi, wanda ake yi kusan duk shekara, kada ya wuce wata 14. A nan ake hura wuta sosai a buɗe abin da ke zuga ta, a ga ko bawul ɗin tsaro zai iya zubar da tururi har matsi bai haura na aiki da fiye da kashi 10 cikin 100 ba. Ana gwada gejin matsi da wani geji da aka tabbatar da ingancinsa, a ga jan layin da ke nuna iyakar matsi yana kan fuskar gejin. Ana kuma neman hanya biyu ta shigar da ruwa, kowace mai zaman kanta, da gilashin duba ruwa wanda ƙasansa yake sama da rufin murhu, domin in rufin nan ya bushe a kan wuta ya yi laushi. Mai duba ba ya yin gwajin shi kaɗai, sai da shaida, kuma ba ya ba wa tukunyar kansa takarda.

Abin da ya fi kayar da tsofaffin tukwane a idon mai duba shi ne kayan da aka yi su da shi. Jan ƙarfe ana haɗa shi da waldar azurfa, wadda sai ta haura digiri 600 take narkewa. Dalma irin ta masu gyaran rediyo tana narkewa ne wajen digiri 183, ka ga ba nisa da zafin ruwan kansa, don haka ba a yarda ta riƙe mahaɗa. Akwai kuma wata walda mai fosfaras da masu gyaran firji suke amfani da ita, mai arha da daɗin aiki, amma sulfa da ke cikin hayaƙin kwal tana cinye ta a hankali. Tagulla mai zinki ita ma ruwan zafi yana zuƙe zinkin ya bar ta kamar soso, sai ka ga bakin bawul ya karye a hannu. Duk wannan takarda ba za ta nuna maka ba, sai an tsiraita tukunyar.

Ka tambayi iyalan, shin dattijon ne da kansa ya ƙera ta ko saya ya yi. In kamfani ne ya ƙera ta don sayarwa bayan Mayun 2002 kuma ta wuce lita 2, ya kamata a ga alamar CE ko UKCA, wato shaidar cika sharuɗɗan tsaro na hukuma, a jikinta tare da lambar kamfanin, kuma rashinta na iya sa mai duba ya ƙi taɓa ta gaba ɗaya. In aikin hannunsa ne, to akwai yiwuwar kulob ɗin da yake ciki suna da kwafin tsofaffin gwaje-gwajensa, domin sukan adana. Ka nemi zanen da ya bi, da duk wani rasidin kayan aiki. In ta baƙin ƙarfe ce kuma babu shaidar irin ƙarfen da ta wanda ya yi waldar, gaskiya ka fara tanadin kuɗin sabuwar tukunya. In ta jan ƙarfe ce kuma ta jure gwajin, kulob ne zai ba ta sabuwar lamba, mai duba ya nuna inda za a buga, a rubuta ta a sabuwar takarda a gabanka.