"On time" da "in time": ina bambancinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina shirin jarrabawar WAEC. Na rubuta "I got to the station on time to catch the train", sai malaminmu ya soke "on" da jan biro ya sa "in". Ashe ba duk "a kan lokaci" suke nufi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Malaminku ya yi daidai, amma ban ga laifinki ba. Mu Hausawa "a kan lokaci" muke ce wa duka biyun, shi ya sa suke rikita mu.

"On time" agogo yake kallo: an tsayar da lokaci, abu kuma ya faru daidai lokacin. A ce tikitinki ya nuna jirgin ƙasa zai bar tashar Rigasa zuwa Idu da ƙarfe 8:00, takwas na bugawa ya tashi. To "the train left on time".

Shi kuwa "in time" ba ruwansa da agogo, damuwarsa kada abu ya kuɓuce. Fassararsa mafi kusa ita ce "kafin lokaci ya ƙure". Misalin da nake ba ɗalibaina a masallaci yake. An tayar da sallar la'asar, mutum yana can yana alwala, ya shigo da danshin ruwa a fuska ya tarar liman ya yi ruku'u, ya yi kabbara ya bi. Wannan ya makara, ba mai cewa ya zo "on time". Amma ya sami raka'ar, saboda haka ya zo "in time". Idan saura ƙiris liman ya ɗago, sai a ce "just in time" ko "in the nick of time".

Akan sami akasin haka ma. Direba ya ce da ƙarfe 4:00 zai tashi, kika zo huɗu daidai, ashe mota ta cika tun uku da rabi ta yi gaba. Kin zo "on time", ba ki zo "in time" ba.

A jarrabawa ki duba abin da ya biyo baya. Idan kin ga "to" da aikatau, ko "for" da suna, kamar "for lunch", galibi "in time" ake nema. "To catch" ɗin nan ne ya kama ki.

Tunda muna kai, ki kula da "at the eleventh hour", wato a ƙurarren lokaci. Wasu na ɗauka sha ɗayan dare ake nufi. A'a, daga Linjila ta Matiyu sura ta 20 ya fito, labarin ma'aikatan da aka ɗauka aikin gonar inabi a sa'a ta 11 ta yini mai sa'a 12, wajen ƙarfe biyar na yamma ke nan, saura awa guda a tashi.