Tambaya da Amsa: Zan kai Baba ruwan zafin Abzin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya daɗe yana fama da ciwon gwiwa. Wani abokinsa ɗan kasuwa ya ba shi labarin ruwan zafi a bayan Agadas, wai mutane na shiga su samu sauƙi, tun ranar kuwa ba shi da zance sai wannan. Ina so in kai shi, ni ma in ga ƙasar. Sai dai an ce mini duwatsun wurin masu aman wuta ne. Babu haɗari? Ban da ruwan kuma, me ya cancanci mutum ya gani?
Daga wani mai karatu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri.

Wurin da abokin Baba yake nufi shi ne Tafadek, arewa da Agadas, nisan bai kai kilomita 100 ba. Kwantar da hankalinka kan batun wuta. Manyan duwatsun Abzin, irin su Bagzan da Tamgak, tsofaffi ne ƙwarai, masana na lissafa shekarunsu da ɗaruruwan miliyoyi. Daga baya ne ƙasa ta tsage a wasu wurare, narkakken dutse ya fito ya kwarara ya daskare. Shi ne baƙin dutsen da za ka ga ya shimfiɗu a kwaruruka, da tuddai masu tsini da rami a ka. A yankin Todra kaɗai akwai irinsu fiye da 100, kuma babu wanda ke aman wuta a zamaninmu. Zafin ruwan ma ba daga wata wuta da ke ci a kusa yake ba. Ruwan sama ne ke nutsawa ta tsagogin dutse har can ƙasa inda duwatsu ke da zafi, ya ɗumama, ya kwaso gishirin ma'adinai, sannan ya ɓuɓɓugo.

To, maganar lafiyar Baba. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, yana rage tsamin gaɓoɓi, shi ya sa tsofaffi ke fitowa suna cewa jikinsu ya saki. Wannan sauƙi na gaske ne, na ga dattawan da suka yi kwanaki a can suna shiga safe da yamma suna godiya ga Allah. Amma gurunguntsin gwiwa da ya cinye ba ya dawowa don an shiga ruwa. Ku fara zuwa wajen likita, musamman idan Baba yana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga. Zafi na buɗe hanyoyin jini, mutum na iya miƙewa jiri ya ɗebe shi, mai ciwon suga kuma ƙafarsa na iya ƙonewa bai ji ba. Ya taɓa ruwan da hannu tukuna, ya yi zama gajere, ya sha ruwa sosai, kai kuma kana tsaye kusa. Kada ya ajiye magungunansa. Ku tafi da shimfiɗa, bargo da guzuri, don Tafadek wurin jinya ne na mutanen karkara.

Idan kun gama da ruwan, kuma ƙarfin Baba ya ba da dama, ina roƙonka kada ku juyo ba ku ga Timia ba. Tafiyar ta haura kilomita 200 daga Agadas, hanyar duwatsu da rairayi, sai kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu. Za ku wuni ba ku ga komai ba sai baƙin dutse da ƙaya, can sai kwari ya buɗe, ga dabino, ga lemu, ga rumman da inabi, ga alkama kore shar. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ban ruwan. Raƙumi ne ke jan igiya, wasaki ya taso daga rijiya ya juye a kwararo, yaro na biye da shi yana kai da komo, ruwan na bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Yanzu injin ban ruwa ya shigo, amma har gobe akwai masu yi da raƙumi. Kusa da garin akwai ruwa mai zubowa daga kan dutse zuwa wani tafki mai sanyi, a saman tudu kuma akwai tsohuwar ganuwar sojan Faransa, daga nan kana ganin lambunan gaba ɗaya.

Ba za ka rasa abokin hira ba. Mazan Timia 'yan ayari ne tun kaka da kakanni: su je Bilma su ɗauko gishiri da dabino, su gangaro Damagaram har ƙasar Kano su musanya da gero. Saboda haka da yawansu na jin Hausa. Idan an shimfiɗa muku tabarma an ɗora shayi, ku zauna har kofi na uku, tashi tun a na farko rashin ladabi ne. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mace ko cikin gida ba ka nemi izini ba. Abin da za ka saya, cuku ne ko lemu ko aikin maƙera na azurfa, saye shi a hannun mai shi.

Gaba da Timia akwai kufan Asode, tsohon birnin Abzinawa, wanda ƙarshensa ya zo a zamanin yaƙin Kawsan, jagoran Abzinawa, da Faransawa, 1916 zuwa 1917. Bagzan kuwa, inda ƙololuwar Nijar take mai tsawon mita 2,022, akwai ƙauyuka da lambuna a samansa, amma hawan na masu ƙafa ne, kada ka kai Baba. A Agadas ku yi salla a babban masallaci mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, wanda aka gina a 1515. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Haɗarin da ya kamata ka yi wa shiri na hanya ne. An sha tare motoci a arewacin Agadas, a 2025 ma an sace wasu Turawa mata a cikin garin. Da ɗan gari kan ci gari: ka nemi direba da jagora 'yan ƙasar ta hannun wanda ka amince da shi, ka tambayi hukuma halin da hanya ke ciki kafin ku fita, kada ku yi tafiyar dare.

Daga Daura hanyarku ta Kongolam ce, ku bi Matamaye zuwa Damagaram, sannan Tanut har Agadas. Ku riƙe fasfo da katin rigakafi, ku canza kuɗi zuwa sefa tun a bakin iyaka. Ku tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da bazara zafin ya fi ƙarfin tsoho, da damina kuma ƙoramu na cika farat ɗaya su datse hanya. Sanyin dare a kan duwatsun yana da tsanani, don haka a haɗa wa Baba rigar sanyi mai kauri, safa da hular da ke rufe kunne.