Amsa kan ƙuna wajen gyaran inji a kamfanin nama

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ya samu aikin gyaran injina a kamfanin sarrafa kaji, kana so ka san ta ina ƙuna ta fi kama ma'aikata. Allah ya sa albarka a aikin. Na daɗe ina wannan sana'a, ga abin da idona ya gani.

Yawancin waɗanda suka ƙone a gabana, bayan an kashe inji abin ya same su. Mutum sai ya ga wuta a kashe ya saki jiki, alhali tururi da ruwan zafi suna nan maƙare a bututu. Ruwan da ake tsoma wuƙaƙe a ciki ya kai digiri 82 a ma'aunin Celsius, na tukunyar fige kaji kuma tsakanin 50 da 60. Wani yaro da muka yi aiki tare ya sassauta notin bawul, wato mabuɗin bututu, ruwa ya tsirto ya gangara cikin dogon takalminsa na roba, saboda ya cusa ƙafar wando a ciki. Kafin a zare takalmin fata ta saluɓe har idon sawu. Wando a kan takalmi ake sakinsa.

Ka ce masa ya rufe bawul da kansa, ya garƙama kwado, makulli a aljihunsa. Ya zuƙe bututun, ya jira allurar geji mai nuna matsin da ke ciki ta sauka sifiri, sannan ya kwance notin da ke nesa da fuskarsa tukuna. Ko oga na ihun aiki ya tsaya, kada ya yarda da "ai mun kashe".

Ɗakin sanyi ma yana ƙuna. Amoniya, sinadarin da ke sanyaya ɗakin, in ta taɓa fata sai ta daskarar da ita ta kuma ci nama, ido kuwa ba a magana. Sodar wankin injina ma tana cin nama.

In tsautsayi ya faɗa, a sakar wa wurin ruwan famfo na minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a nufi asibiti. Don Allah ban da ƙanƙara, man goge baki, ɗanyen ƙwai ko manja, ɓata ciwo kawai suke.

In a Najeriya yake, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba shi haƙƙi ta hannun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Ya sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 14, ya adana kwafin takardar da ta asibiti.