Tambaya da Amsa: Jan layin da ke fitowa idan ana cike fom a intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina yawan cike fom na neman aiki a kwamfuta, kuma na lura cewa a wasu akwatunan jan layi yana fitowa a ƙarƙashin kalmar da na rubuta ba daidai ba, a wasu kuwa ko alama babu. Har na taɓa aika fom da kuskure ban sani ba sai daga baya. Me ke jawo haka, kuma yaya zan gyara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Aikin duba haruffa na burauzarki ne, wato manhajar da kike buɗe shafukan intanet da ita, ba na shafin da kike cikewa ba, kuma kowace burauza da nata tsarin. Firefox, wadda ta shigo da wannan aiki tun a 2006, ba ta duba ƙananan akwatuna masu layi ɗaya kai tsaye, sai manyan da ake dogon rubutu a ciki. Idan kina son ta duba ƙaramin akwati, ki danna maɓallin dama na linzamin kwamfuta a cikinsa, ki zaɓi duba haruffa. Idan kuma kina son abin ya zauna dindindin, ki rubuta about:config a wurin adireshin shafi domin buɗe saitunan ciki na Firefox, ki nemo layout.spellcheckDefault, ki mayar da lambarsa daga 1 zuwa 2. A Chrome kuwa, sashen harsuna na cikin saituna za ki shiga ki kunna. Akwai kuma akwatunan da mai shafin ya kashe wa wannan aiki da gangan.

Inda ya kamata ki yi hattara shi ne wajen zaɓi biyun da Chrome ke bayarwa. Na farko yana aiki da ƙamusun da ke cikin kwamfutarki, na biyun kuma, wanda ake kira ingantacce, yana tura abin da kika rubuta zuwa Google domin a duba. A 2022 masu binciken tsaro na kamfanin otto-js sun nuna cewa ta wannan hanya bayanan fom suna fita, har da kalmar sirri idan mutum ya danna alamar bayyana ta, kuma sun ga irin haka a Microsoft Editor, mai duba rubutu na burauzar Edge. Tunda fom ɗin neman aiki cike yake da suna da adireshi da tarihin karatu, ni dai na farkon zan zaɓa.

Sannan ki sani cewa jan layi ba ya nufin kalma kuskure ce, abin da yake nufi kawai shi ne babu ita a ƙamusun da aka ɗora. Shi ya sa idan ƙamusun Ingilishi ne, sunanki da duk kalmar Hausa sai su yi jazur. Irin waɗannan ki danna su da maɓallin dama ki ƙara su a ƙamus. Haka nan rashin layi ba shaida ba ce, domin ƙamus ba ya rarrabe kara da ƙara, ko dan da ɗan, muddin dukansu suna cikinsa, balle ya gane lambar waya ko adireshin imel da aka tsallake wa harafi. Waɗannan akwatunan sai kin bi su da idonki ɗaya bayan ɗaya kafin ki danna aikawa.